Wuta, Ruwa, Iska, Ƙasa: Yadda Ake Gina Asirin da Mai Karatu Zai Yarda da Shi

Duk mai bin littattafan yaƙi da na almara ya san wurin nan. An rutsa da jarumi a bakin kogo, dakaru dubu sun yi masa ƙawanya, sai ya ɗaga hannu sama, wuta ta tashi ta ƙone su ƙurmus. To, madalla. Amma babi uku a gaba, ga shi a tsakiyar daji sanyi na neman halaka shi, yana laluben ƙyastu zai hura wuta. Mai karatu ba wawa ba ne. Ko bai tanka ba, ya gane asirin nan ba shi da doka, yana zuwa ne duk sa'ad da marubuci ya rasa mafita. Daga nan fargaba ta fita daga labarin, tunda an san ko me ya faru hannun zai sake ɗaguwa.

Maganin abin shi ne ka ɗauki asirin duniyar da kake ƙagawa kamar sana'a, irin ƙira ko su ko ginin tukwane. Kowace sana'a tana da inda ake samo kayanta, da ma'auninta, da wahalarta, da abin da aka hana mai yinta, da sarkinta. Maƙeri ba ya fitar da garma da fatar baki. Sai da ƙarfe, da gawayi, da zuga-zugi, da yaron da zai yi masa zuga. Haka mai asirinka zai kasance.

Ginshiƙai nawa, kuma waɗanne?

Huɗun da kowa ya sani, wuta da iska da ruwa da ƙasa, ba ƴan fim suka ƙirƙiro su ba. Wani masanin Girka, Emfedokilis, mutumin tsibirin Sisili, shi ya jera su a ƙarni na 5 kafin haihuwar Annabi Isa (AS). Aristotil, shi ma masanin Girka, ya zo ya ba kowanne siffa biyu: wuta zafi da bushewa, iska zafi da danshi, ruwa sanyi da danshi, ƙasa sanyi da bushewa. Likitocin Musulunci irin su Ibn Sina, wanda ya rasu a 1037, sun gina ilimin magani a kan waɗannan ɗabi'o'i huɗu. Abin kuwa ya iso har zaurukanmu. Masu hisabi sun raba haruffan Larabci 28 gida huɗu, bakwai-bakwai, kowane gida da ɗabi'arsa. Masu bugun ƙasa kuma siffofinsu 16 ne, kowace siffa layi huɗu, na wuta, na iska, na ruwa, na ƙasa. Ribarka a nan ita ce kunnen mai karatunka ya riga ya saba, ba sai ka ɓata shafi biyar kana bayani ba.

Mutanen Sin biyar suka ƙirga: itace, wuta, ƙasa, ƙarfe, ruwa. Abin koyi a wajensu zagayen da suka yi musu ne. Itace yana ciyar da wuta, wuta ta bar toka ta koma ƙasa, ƙasa ta haifi ƙarfe, ƙarfe ya tara ruwa, ruwa ya raya itace. Ga kuma zagaye na biyu na cin juna: saiwar itace ta tsaga ƙasa, ƙasa ta tare ruwa, ruwa ya kashe wuta, wuta ta narka ƙarfe, ƙarfe ya sare itace. Kowa yana da mai ciyar da shi, yana da mai kā da shi.

Kafin kwaɗayin ƙari ya ja ka, yi ɗan lissafi. Duk ginshiƙai biyu, dole ka san abin da ke faruwa in sun yi karo. Huɗu suna ba ka karo 6, biyar 10, shida 15, takwas 28. Wanda ya fara da takwas, kafin babi na goma shi kansa ya manta abin da ya ce a na biyu. A littafin farko huɗu ko biyar sun isa.

In yalwa kake so, tsaga cikin kowane ginshiƙi, ka yi amfani da kalmomin da bakinmu ya riga ya tanada. Manomin Maraɗi ba ya cewa "ƙasa" ya yi shiru. Jigawa ce, ko geza, ko fadama? Mai asirin jigawa sai ya zama mai sauri, ya tashi rairayi ya binne sawu ko ya makantar da rundunar dawaki, amma duk abin da ya gina ba ya kwana. Mai asirin laka kuwa nawa gare shi, sai ya kwaɓa, sai ya jira ta bushe, amma katangarsa jikokinsa za su gāda. Ruwa ma haka: raɓa, yayyafi, malka, ambaliya, ruwan rijiya. Iska: hunturu mai busar da leɓe, guguwar bazara, iskar da ke gaban hadari. Ka ga mutum goma sha biyu daban-daban ba tare da ka ƙara ginshiƙi ko ɗaya ba.

Abin da muke yawan gani a rubutun sabbin hannu shi ne fadar ƙanƙara da dusar sanyi, an kwaso su daga finafinan ƙasashen sanyi an dire su a ƙasar da rana ke dafa ƙwai. Ba haramun ba ne, amma mai karatu ba ya jin su a jikinsa. In za ka ƙara na biyar, duba kusa: tama da ake narkawa a sami ƙarfe, ko kanwa, ko gishiri. Gishiri ma ya fi daɗin labari, don daga nesa yake zuwa, irin na Bilma da ayarin raƙuma ke ketara hamada su ɗauko. Mai asirin da ƙarfinsa ya rataya ga ayari, duk wanda ya tare hanya ya riƙe masa wuya.

Daga ina ake ɗebowa

Kafa wannan doka tun farko, za ta raba ka da rabin matsalolinka: mai asiri ba ya halitta, ɗaukowa yake yi daga wani wuri ya kai wani wuri. Dubi tsofaffin garuruwanmu na ginin ƙasa. Kusan kowace unguwa tana da kududdufi, kuma kududdufin nan ba komai ba ne sai ramin da aka haƙi ƙasar gina gidajen. Ga katanga, ga raminta. To duk abin da mai asirinka ya tayar, nuna mana raminsa.

Wuraren ɗebowa uku ne, ka zaɓi ɗaya ya zama babba. Ko daga jikin mai yin, watau abincin da ya ci da ƙarfin da ya tara. Ko daga wurin da yake tsaye: mai wuta sai da garwashi a kusa, mai ruwa sai da tabki ko randa. Ko daga yarjejeniya da wani halitta da ka ƙaga, wanda ke ba da aro yana jiran biya. Na farko ya dace da labarin jarumta, don gajiya da yunwa kowa ya san su. Na biyu ya dace da labarin yaƙi da dabara, don filin daga shi ke yanke hukunci. Na uku na labarin tsoro da cin amana ne. Masu haɗa ukun a jikin mutum guda su ne ke ƙarewa da jarumin da ba a iya kayarwa.

Ma'auni

A nan ake rarrabe mai gini da mai tara tubali. Kar ka ce "ruwa mai yawa" ko "gagarumar wuta". Ɗauki ma'aunin da mai karatu ke riƙewa da hannunsa kullum: tiya, jarka, ganga, dame, gaba. Sannan ka san nauyin gaskiya na abin da kake sa mutum ya ɗaga, ko da ba za ka rubuta lambar a cikin labarin ba.

Lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce. Jarka mai lita 25 kilo 25 ke nan, ganga mai lita 200 kilo 200. Yanzu dubi ruwan sama. Milimita 1 a kan hekta 1 lita 10,000 ce. Ruwan shuka mai kyau, a ce milimita 20, a gona mai hekta ɗaya tak, lita 200,000 ne: ganga 1,000, ko jarka 8,000. Ke nan yarinyar da a babi na ɗaya take nishi kafin ta tayar da jarka guda daga rijiya, in a babi na ashirin ta shayar da gonakin gari duka ita kaɗai, ka ninka ƙarfinta sau dubbai ba ka sani ba. In kana son a yi ruwan, sai dai ta karkato da hadarin da ya riga ya haɗu, ko kuwa a tara gidansu kaf su yi aikin gayya.

Ƙasa ta fi haka nauyi. Katanga mai tsawon mita 10, tsayin mita 2, kaurin rabin mita, ƙasarta za ta kai wajen tan 16, kwatankwacin buhu 160 na kilo ɗari-ɗari. Wanda ya tayar da ita cikin ƙiftawar ido ya bar rami mai girmanta a gabansa ko a bayansa. Marubuci mai wayo a gaba zai sa ramin, dawakin abokan gaba su afka.

Iska ma tana da nauyi, ko da ba a gani. Ɗaki mai mita 4 da 4, tsayin mita 3, iskar da ke cikinsa ta kusa kilo 58, ta fi buhun siminti. Saboda haka mai iska da ya zuƙe iskar ɗaki don ya kashe fitila ko ya sumar da mai gadi, aiki ya yi ba wasa ba.

Wuta ita ce ta fi ruɗin marubuta. Tana bukatar abu uku, makamashi da iska da zafi. Cire ɗaya ta mutu. Kuma wuta suna ta tara. Wadda za ta narka alminiyom na masu zubin tukwane tana bukatar digiri 660, jan ƙarfe 1,085, baƙin ƙarfe kuwa sai 1,538. Shi ya sa maƙeri ba ya narka baƙin ƙarfe ya zama ruwa a maƙerarsa. Ja yake sa shi ya yi, ya yi laushi, ya dake shi a kan uwar maƙera. In ɗan koyo a labarinka ya narka takobi da tafin hannu, ya wuce duk maƙeran duniyarka, sai ka faɗa mana dalili.

Idan daga jiki ake biyan wutar, ga lissafin da zai yi maka jagora. Tafasa lita ɗaya ta ruwa daga digiri 30 zuwa 100 yana cin kilokalori 70. Jarka guda 1,750 ke nan, kusan abin da rabin kilo na hatsi ke bayarwa. Tiya ɗaya, mai wajen kilo biyu da rabi, jarka biyar za ta tafasa, in ma ba a yi asarar komai ba. Amma sa ruwa ya ƙafe ya zama tururi wani abu ne daban, don kowace lita tana ƙara cin kilokalori wajen 540. Ƙafar da ganga ɗaya zai cinye abincin mutum na kwana hamsin. Ka ga ke nan mai wutar da ya ce zai busar da tabkin Madarunfa cika baki yake yi, kuma yanzu kai ka san haka. Ka kuma sami hali kyauta: mai wuta mutum ne mai ci, kullum da ƙullin hura ko ƙuli-ƙuli a aljihu, kuma garin da ya ajiye goma irinsa sai ya gina musu rumbu.

Ba dole ka bi lissafin kimiyya sak ba, duniyarka ce. Kana iya cewa asiri yana ninka ƙarfin mutum sau goma. Abin da ba ka da ikon yi shi ne ya zama sau goma yau, sau dubu gobe.

Rubuta matakai uku kawai, kowanne da iyakarsa ta yawa, ta nisa, ta lokaci. Misali a gidan ruwa: ɗan koyo jarka 1, gaba 10, sau uku a yini, gwani ganga 1, gaba 40, sarkin gidan ganga 20, amma sai ya kwanta kwana uku bayan haka. Nisa musamman kar ka manta da shi. Asirin da ke aiki ko daga ina ya kashe tafiya, labarin almara kuwa rabinsa tafiya ce.

Farashi, sharaɗi da makari

Tsuntsun da ya ja ruwa, shi ruwa kan doka. Farashin ya yi kama da ginshiƙin, kar ya zama kowa "jiri ya ɗebe shi ya faɗi". Mai wuta ƙishirwa, faso, da ido mai dushewa da shekaru. Mai ruwa sanyin ƙashi da kumburin ƙafa. Mai iska muryarsa ke tafiya, har ya tsufa yana magana da hannu. Mai ƙasa gaɓoɓinsa ke sandarewa. Da ganin tsoho a kasuwa, mai karatu ya san gidan da ya fito.

Akwai farashin nan take, akwai mai taruwa a hankali, akwai kuma wanda ke faɗawa kan wani. Na ƙarshen nan shi ne zinariya. Hadarin da aka karkato wa wannan gari, na wancan gari ne aka sace. Ruwan da aka tare a sama, a ƙasa zai ɓalle. Mutanen Maraɗi ba sa bukatar a yi musu dogon bayani: ambaliyar Gulbi ta 1945 ce ta rusa tsohon garin da ke cikin kwari, har aka mai da shi kan tudu. Gulbin da ke ba fadama albarka shi ne ya ci garin. Sa mai asirinka ya ceci gonakin danginsa da irin wannan ruwa, gari na gaba ya kwana a cikinsa, ka sami rigimar da za ta riƙe littafi uku.

Sannan ka ɗauki abu biyu da duk Bahaushe ya sani game da asiri a labaran da ya taso yana ji: sharaɗi da makari. Sharaɗi shi ne abin da aka hana mai asirin, in ya taka ya karye. Mai kyau shi ne wanda rayuwar yau da kullum ke gogawa da shi. "Kar ya taɓa cin naman zaki" ba sharaɗi ba ne, wa ke ba shi? Amma "kar ta sha ruwan da ta ja da asirinta", wannan kullum sai ya cije ta. Makari kuwa ya zama abu mai araha da kaɗan suka sani, toka, ko kanwa, ko zaren saƙa, kuma ka nuna shi tun da wuri a wani wuri da ba a zata ba. Ba a fafe gora ranar tafiya. Makarin da ya fara bayyana a shafin da ake bukatarsa, mai karatu zai kira shi da sunansa: ƙarya.

Ga yadda ake shigar da doka ba tare da wa'azi ba. A ce bazara ce, rijiyar gari ta ja baya, igiyar kowa ta gaza:

Yarinyar ta durƙusa a bakin rijiya ta leƙa. "Gwaggo, in ja?"

"Gaba nawa kika gani?"

"Goma."

"Me kika sa a cikinki yau?"

"Hura, ludayi uku."

"To jarka ɗaya. Kika ƙara, ba ni zan goya ki zuwa gida ba."

Ruwan ya hau a hankali kamar igiyar da ake saɓawa, ya zuba a jarkar matar liman. Da ya cika, yarinyar ta lashi leɓenta da ya tsage, ta kau da kai daga jarkar, ta miƙa ƙoƙonta ga wata mai tulu. "Inna, ko akwai na jiya?"

Ba a ambaci doka ko ɗaya ba, amma an san akwai iyakar nisa, an san ciki ke biya, an san ba ta shan abin da ta ja.

Wa ke cin wa

Kuskuren da ya fi yawa shi ne a ce ruwa ya fi wuta, shi ke nan. In haka ne, da an ga masu karawa an san wanda zai ci, kamar kokowar da aka sayar. A zahiri yawa da lokaci ke yanke hukunci. Moɗa ɗaya a kan gobara tururi take zama, ta ƙona mai zubawa. Ruwa a kan tafasasshen mai ƙara tashin wutar yake yi. Iska tana kashe fitila, tana kuma mai da tartsatsi gobarar daji. Malka tana narka katangar ƙasa, amma yumɓun da wuta ta gasa ya zama tulu, ya ɗaure ruwan a cikinsa. Ga kowane karo rubuta layi biyu: yaushe wannan ke ci, yaushe wancan ke ci. Sai layi na uku, me suke haifarwa in sun haɗa kai: ruwa da ƙasa tubali, wuta da iska maƙera, wuta da ruwa tururi.

Sai kalanda, wadda marubutanmu ke da ita kyauta amma ba sa taɓawa. A ƙasar da ruwa ke zuba daga wajen Yuni zuwa Satumba, mai ruwa sarki ne a watan Agusta, almajiri ne a watan Afrilu. Hunturu na mai iska ne. Kaka, da ciyawa ta bushe, karan hatsi ya cika gonaki, kowa tsoron mai wuta yake ji. Saboda haka sarkin da ke shirin yaƙi zai duba wata kafin ya duba dakaru, kuma gidan da lokacinsa ya wuce sai ya nemi sulhu ko ya ɓuya. Kana son wanda ya saɓa wa kowa? Dubi gawo: da damina yake zubar da ganye, da rani yake yin kore. Ƙaramin gida guda mai irin wannan hali, mai ƙarfi lokacin da kowa ya raunana, ya isa ya rikita siyasar duniyarka.

Su wa ke da shi

Gado ne ko haye? Amsar tana canza komai. In gado ne zalla, ka sami sarauta, auren zumunci don kar asiri ya fita, da ɗan da aka haifa a gidan bai gāda ba. In koyo ne, ka sami makaranta, kuɗin koyo, da satar sani. Mafi daɗi shi ne a haɗa: ƴan gado suna raina ƴan haye, ƴan haye kuma su ke gano sabbin dabaru don ba a ɗaure su da "haka muka tarar" ba.

Tsarin shugabanci ba sai ka aro daga waje ba. Muna da Sarkin Maƙera, Sarkin Ruwa, Sarkin Noma, Sarkin Aska, kowanne yana hukunta ƴan sana'arsa, yana kuma amsa kiran fada. Maƙera na wasa da ƙarfen da ya yi ja a wuta a bainar jama'a ranar biki don a san gidan da wuta ke jin kunya. Ƴan kokowa na shiga fili da layu da guraye. Irin wannan nuni, da kirari, da kayan jiki, su ke sa gida ya zama gida. Kuma ba dole gidan wuta da gidan ruwa su zama abokan gaba ba. Mai da su taubasai, irin wasan Fulani da Barebari, su yi ta tsokanar juna, amma haramun ne jini ya shiga tsakaninsu. Ranar da ya shiga, labari ya tashi.

Daga nan bi sawun kuɗi. In mai ruwa na tayar da ruwa ba guga, me ƴan garuwa ke ci? Wa ke karɓar haraji a bakin rijiya? In mai iska na aika magana daga gari zuwa gari, fatake sun san farashin gujiya kafin su ɗaura wa jaki kaya, dillali ya shiga uku. In ka bar kasuwa da gona yadda suke alhali asiri ya cika gari, duniyar ba ta haɗu ba. Ko dai masu asirin su yi ƙaranci ƙwarai, a ce ɗaya cikin dubu, ko kuwa ka bar asirin ya canza rayuwa.

Wajen suna, a yi hattara da iska. Kalmar tana nufin wadda ke kaɗawa, tana nufin iskoki, kuma kowa ya san abin da "ɗan iska" ke nufi. Wanda ya kira jaruman gidan wuta "ƴan wuta", na gidan iska kuma ya bi sahu, ya gama da littafinsa da hannunsa. Na farkon ma ba addu'ar kirki ba ce. Nemi suna daga aiki ko daga alama: Masu Garwashi, Gidan Guguwa, Maraɓa. Haka kuma kar ka saka ayoyi ko addu'o'in gaskiya a bakin mai asiri, kar ka ɗauko sunayen iskokin bori da mutane suka sani. A nan kusa, a Maraɗi da Tibiri, waɗannan ba kayan almara ba ne a wajen jama'a. Wani zai ji ka taɓa addini, wani zai ji ka yi wasa da gadon gidansu. Ƙagi naka kalmomin, gajeru, masu daɗin faɗa da ƙarfi, tunda littattafan nan da yawa a kunne ake shan su.

Gwaji kafin a saki babi na ɗaya

Tattara dokokin a shafi guda: ginshiƙi, inda ake ɗebowa, iyakar matakai uku, farashi, sharaɗi, makari, watan ƙarfi da watan rauni. In sun fi shafi guda, sun yi yawa. Wannan takarda taka ce, ba ta mai karatu ba. Abin da zai gani a labarin bai fi sulusinta ba. Masu sakin labari babi-babi a WhatsApp su suka fi bukatarta, don abin da ya fita ya fita, ba a komawa a gyara, kuma akwai mai karatun da ya ajiye babi na biyu yana jiran ranar da zai turo maka shi.

Ba wa mutum biyu takardar. Na farko, mai son gardama, ka ce masa: ga jarumina, kashe shi da waɗannan dokoki. In ya kasa, jarumin ya yi ƙarfi da yawa. In ya kashe shi cikin minti ɗaya ta hanyar da ba ka hango ba, misali mai ruwa ya ja ruwan da ke jikin mutum, ko mai iska ya tsayar da numfashinsa, to ko ka toshe ƙofar da doka, a ce asiri ba ya ratsa fatar mai rai, ko ka mai da ita babban haramcin da mugun labarin zai karya. Na biyu, mai kan kasuwanci, ka ce masa: yi arziki da wannan asiri. Duk abin da ya gano, mutanen duniyarka sun riga sun gano shi shekaru ɗari da suka wuce, sai ka shigar da shi.

Sai ka bi kowace matsala da ke cikin labarin kana tambaya: me ya hana a warware ta da asiri? Dole amsar ta kasance a takardar, ba a ranka ba.

Girman jarumi kuma kar ya zama ƙarin yawa kawai, yau jarka, gobe ganga, jibi gulbi. Wannan hanya ba ta da ƙarshe sai hauka. Bar ma'auninsa kusan yadda yake, ka ƙara masa fahimta. Mai wutar da tun farko aka ce ɗauko zafi yake yi daga wani wuri ya kai wani wuri, wata rana zai gane cewa inda ya ɗebe zafin sanyi yake yi. A karon ƙarshe, a tsakiyar kaka, abokin gabansa ya cinna wa karan gonaki wuta ta nufo gari, kowa na jiran ya mayar da wuta da wuta. Shi kuwa sai ya shiga gabanta yana zuƙe zafin yana zubawa a tabkin bayan gari, ruwan na tafasa, kifi na tasowa, leɓensa na tsagewa, har harshen wutar ya kwanta a bakin rumbunan farko. Abin da kake bukata don wannan ya yi aiki shi ne layi ɗaya a babi na uku, inda ya ɗumama wa kakarsa kunu, randar da ke gefensa ta yi sanyi ƙarara, kowa ya sha ya yaba, ba wanda ya tambayi dalili.